Saniyata da Motar Beljiyam

A ƙofar gidanmu a Gaya akwai wani benci a gindin darbejiya, kuma kullum bayan La'asar maza huɗu suke zama a kai suna sayen motoci. Da baki. Babu wanda ya taɓa mallakar ko tayar mota ɗaya a cikinsu. Mai facin da ke gefensu ya fi su, shi aƙalla yana taɓa tayoyin mutane.

Shekarar da na gama sakandare ina zaune a gida, sai Umma ta haɗa ni da sana'ar zoɓo da kunun aya. Kular da nake zuba su tana cikin zaure, ni ina kan tabarma kusa da ita, tagar zauren kuma tana kallon bencin. Ban ce ina son mota ba, ban roƙi kowa ya koya mini ba, amma wata da watanni ina shan karatu ta taga. Na san motar da ke shan mai da wadda ke lasa. Na san wadda kayan gyaranta suke ko'ina da wadda in ta lalace sai dai kaji su yi ƙwai a ciki.

Shugaban majalisar Kawu ne, ƙanin Umma. Ya yi 'yan shekaru a Jidda yana tuƙa wani Balarabe, ya dawo da jallabiya uku da lasin da ya daɗe da mutuwa, wanda yake ajiyewa cikin leda a aljihun gaba. Ba ya fara magana sai da "mu a can". Sai Malam, mai koyarwa a firamaren Kademi, wanda bai taɓa wuce Kaduna ba amma wayarsa ta kai shi Jamus ta dawo da shi. Sai bakanike, wanda aikinsa gyaran injin markaɗe da injin ban ruwa ne, sai dai a ganinsa inji inji ne. Na huɗu Yaya, babban wana, mai acaɓa tsakanin Gaya da Balan da Kademi. Shi kaɗai ne a cikinsu yake maganar da gaske, shi ya sa ya fi kowa shiru.

Hirarsu ba ta canjawa. Kawu zai ce, "Mu a can, in ka tsallake danja ba wanda zai tare ka. Kafin ka isa gida saƙon tara ya riga ka."

Malam zai ce, "Wannan ai wasa ne. A Jamus akwai titin da ba a ƙayyade gudu ba. Iya abin da ƙafarka ta taka."

Mai faci ya leƙo daga bayan tayarsa. "To akuya fa?"

"Wace akuya?"

"In ta tsallako."

"Babu akuya a titin Jamus."

"To me suke yankawa ranar suna?"

Daga nan sai a gangaro Ingila, don kullum sai an gangaro Ingila. Malam ya ce can hannun hagu ake bi, direba kuma a dama yake zama. Kawu ya ce wannan tuƙin baibai ne, shi ya sa bai je ba. Bakanike ya tambaye shi ko an gayyace shi. A yi dariya, a sake komawa kan maganar, a zana titi a ƙasa da tsinke, a yi gardamar inda giya take da inda birki yake har a kira Magariba. Na ji wannan darasi na Ingila ya fi sau talatin. Da shi aka yi mana jarrabawa da na fi kowa ci a ajinmu.

Ana nan sai Yaya ya ga mota.

Wani dillali ne ya kawo labarinta, irin dillalan nan da ba su da ɓangare. Yana dillancin shanu, yana na gona, ya taɓa sayar wa maƙwabcinmu firji. Ya ce Beljiyam ce, wato ta hannu wadda aka gama hawa a Turai aka loɗo ta, ba ta taɓa taka ƙasar nan ba sai yanzu. Kuma da araha. Arahar da ta sa Yaya ya daina cin tuwo sosai. Ya haɗa abin da ya tara, ya ɗora babur ɗinsa a kai, bai kai ba. Dillali ya ce ba komai, ai ya ji ana cewa gidanmu akwai saniya a Toranke.

Akwai saniya a Toranke. Tawa ce.

Kakarmu ta wajen uwa, wadda muke kira Dada, ita ta ba ni maraƙa ranar da na yi sauka, kuma a wurinta take tun lokacin. Fara ce mai baƙin kunne, a shekarar tana da ciki. Ban taɓa tatsar ta ba, ban san me take ci ba, amma na san abin da za ta yi mini. Ita ce kuɗin makarantata in na samu gurbi a Kano. Baba ya faɗa mini tun da wuri cewa shi iyakarsa sakandare, abin da ya wuce nan in nemi saniyata. To in ta tafi, ni da kular zoɓo mun ƙulla ke nan.

Yaya ya fara zuwa wurin Baba. Baba ya ce, "Saniyarta ce. Ka tambaye ta."

Tun da aka haife ni Yaya bai taɓa tambayata komai ba, sai dai ya aike ni. Ranar ya shigo zaure ya tsuguna, ya ɗauki zoɓo ɗaya, ya biya. A nan na san akwai magana.

"Auta," ya ce, "kin san halin da nake ciki a kan babur ɗin nan."

Na sani. Na ga tabon gwiwarsa na ranar da tinkiya ta shiga gabansa a hanyar Balan. Na ga yadda yake dawowa da damina rigarsa manne da jiki, idonsa ja kamar an zuba barkono. Ya ce zai riƙa lodin Gaya zuwa Kano, kafin shekara ta zagayo zai saya mini shanu biyu. Ya ce shi zai kai ni makarantar da kansa, a mota, in fito kamar 'yar wani. Ya ce zai koya mini tuƙi.

Na ce, "Wace makarantar, bayan ka sayar da ita?"

"Aro ne."

"To zan ga motar da idona. Kuma sai ta kai ni Toranke tukuna. Kuma a gaba zan zauna."

Ya dube ni kamar zai yi abin da ya saba, sai ya tuna saniya, ya ce to.

Zuwa Toranke ba wani sharaɗi ne mai wuya ba, don dama a danginmu ba a sayen babban abu sai an kai wa Dada ta sa albarka. Babur ɗin Yaya ya je. Keken ɗinkin Umma ya je. Har injin markaɗe an taɓa ɗora wa amalanke an kai mata, ta shafa shi ta ce Allah ya sa ya daɗe yana damun maƙwabta. Dillali ma yana son ganin saniyar. Sai aka tsayar da rana.

Da hantsi aka kawo motar ƙofar gida. Ruwan toka ce, gajeriya, an wanke ta har tana ɗaukar ido. Majalisa ta taso gaba ɗaya, Malam har da fashin makaranta. Sai aka fara duba ta yadda suka daɗe suna duba motoci a baki. Kawu ya zagaya yana harbin tayoyi da ƙafa. Bakanike ya zaro sandar baƙin mai, ya murza a yatsa, ya sansana, na zaci lasa zai yi. Malam ya tara farin hankici a bakin salansa ya ɗaga wa jama'a su ga babu baƙi. Aka buɗe ƙofar direba aka rufe sau biyar don a ji ƙararta.

"Ka ji ko? Ƙofar Turai ke nan," in ji Kawu. "Ba ta kuka."

Bakanike ya sa a tayar da inji, ya kafa kunne a jikin bonet ya lumshe ido. Ya daɗe. Da ya ɗago ya ce, "Wannan ba a taɓa kwance ta ba."

Sai layin zama a kujerar direba. Kowa ya shiga, ya kama sitiyari, ya murɗa hagu ya murɗa dama, ya gyara madubi, ya fito da fuskar wanda ya dawo daga tafiya. Har mai faci ya shiga. Na lura duk wannan hidima ba wanda ya buɗe ɗaya ƙofar gaban. Wa zai ɓata lokacinsa a kujerar fasinja alhali ga sitiyari?

Dillali ya rage murya kamar zai faɗi sirri. "Kuma mace ce ta hau ta. Wata tsohuwar Baturiya. Daga gida sai kasuwa, daga kasuwa sai gida."

Duk suka gyaɗa kai. Wannan ita ce babbar shaida a wurinsu. Mutanen da kullum suke cewa mace ba ta san mota ba, su ne in aka ce mace ta hau sai su ce an samu lafiyayya.

Na ce daga bakin zaure, "To me ya sa take da araha?"

Ba wanda ya juyo. Na sake faɗa.

Kawu ya ce, "Ke 'yar nan, ana maganar manya."

"Maganar saniyata ake."

Dillali ya yi murmushi ya ce rabo ne kawai, Allah ya tsaga da rabon Yaya. Yaya ya harare ni, na koma wurin kulata, ba don na gamsu ba.

Wajen shiga aka yi ƙaramin rikici. Kawu ne zai tuƙa, wannan ba gardama, tunda shi ne mai lasin ko da matacce. Dillali ya nufi kujerar gaba, na riga shi.

Kawu ya ce, "Mu a can mace ba ta zama gaba."

Na ce, "Mu a nan mai saniya ce take zama."

Haka Yaya da Malam da bakanike da dillali suka cusa kansu a baya, gwiwa a haɓa. Muka kama hanyar Ajingi. Farkon damina ne, gero ya kai idon sawu, gabas ta ɗan haɗa hadari amma ba wanda ya kula.

Za mu fita daga gari Kawu ya kai hannu zai ba da sigina, sai waifa ta tashi tana kartar busasshen gilashi. Ya kashe. A kwana ta gaba ya sake, waifa ta sake tashi.

"Haka na waje suke," ya ce. "Sai hannu ya saba."

"Ba na waje ka saba tuƙawa ba, Kawu?"

"Waje waje ne? Kowace ƙasa da tata."

A kan kwalta motar ta yi kyau, ba zan yi mata ƙarya ba. Sanyin esi ya bugi fuskata, na ji wani abu a raina ya fara cewa wace makaranta kuma. Na waiga na ga Yaya yana shafa kujera da tafin hannu a hankali, yadda Dada take shafa wuyan saniya. Na juyo da sauri.

Na sauke abin tare rana na gabana don in duba ɗankwalina, babu madubi. Kawu ya sauke nasa saboda haske, sai ga madubi a nasa, har da 'yar fitila.

Na ce, "Ikon Allah. Madubin kwalliya a wurin direba?"

Dillali ya yi caraf. "Ai na gaya muku mace ce take tuƙa ta."

Bayan mota ya ɗauka da "ka ji ko" da "shaida ta fito". Malam ya ce Turawa ba sa wasa, kowace mota da irin mai ita.

Da muka sauka daga kwalta muka hau burji, mota ta fara tsalle. Na kai hannu sama da ƙofa in kama abin riƙewa, hannuna ya kama iska. Babu. Na duba ɓangaren Kawu, ga shi can yana lilo a saman kansa, inda mai riƙe da sitiyari ba shi da hannun kama shi. Wannan ban faɗa ba. Na gaji da a ce da ni 'yar nan.

Sai ruwa ya sauko, irin na farkon damina mai zuwa da iska. Kawu ya nemi waifa, sigina ta kama. Ya sake nema ya samu. Waifa ta share gabana tas har gefe, ina ganin hanya kamar a talabijin. A gaban Kawu kuwa ta bar wani babban yanki daga sama ta hagu ba ta taɓa shi, kuma Kawu dogo ne, daidai nan idonsa yake. Ya duƙa. Ya ƙara duƙawa har haɓarsa ta kusa taɓa sitiyari.

"Kawu, rami."

Muka faɗa ramin.

"Na gan shi," ya ce.

"Ga jaki nan ta dama."

"Ina?"

"Ka wuce shi. Allah ya kiyaye shi."

Daga nan ya daina musu. Ni nake faɗin hanya shi yana murɗawa. Mutumin da ya tuƙa Balarabe a titi mai layi shida, yau 'yar zoɓo ce idonsa. A baya kuwa dillali yana ta cewa ruwan nan na albarka ne.

Muka shiga wani kwari da ruwa ya taru, sai na ji sanyi a ƙafata. Na duba, ruwa ne yake ɓulɓulowa ta ƙarƙashin shimfiɗar ƙafa. Na ɗaga ta. Daga can sama, inda ƙafa take tokarewa, akwai ramuka an toshe su da guntayen silifas da gam. Sama da su akwai wani zagayayyen rami babba, an rufe shi da faffaɗan gwangwani an ɗaure da ƙusa. Gwangwanin tumatir ne, irin wanda Umma take aikena saye. Ban san tsohuwar Baturiyar tana miya da shi ba.

Na zauna ina kallon ramukan. Madubi a can. Abin riƙewa a can. Waifa tana yi mini hidima ni da ba na tuƙi. Karatun taga ya dawo mini gaba ɗaya, har da zanen tsinke a ƙasa.

Na ce, "Malam."

"Na'am."

"A wace ƙasa ka ce direba yake zama a dama?"

"Ingila. Da Japan ma. Me ya kawo wannan?"

"To ni ce direban motar nan. An dai ɗauke mini sitiyarin an kai wa Kawu."

Malam ya miƙo wuya ta tsakanin kujeru ya ga gwangwanin. Bakanike ya ture shi shi ma ya gani. Dillali ya fara cewa wani abu game da rabo, bai ƙarasa ba, don daidai nan hanya ta yi kwana, Kawu ya murɗa sitiyari, motar kuma ta tsaya tunani. Sai da ya murɗa ya ƙara murɗawa sannan ta amsa, lokacin kuwa kwanar ta wuce. Muka gangara a hankali, cikin ladabi, muka shiga gonar gyaɗar wani bawan Allah muka zauna a kunya ta uku.

Ba wanda ya ji ciwo. Hular Malam ce kawai ta faɗo gaba.

Ruwa ya tsagaita, muka fito. Bakanike ya kwanta a taɓo ya leƙa ƙarƙashi, abin da bai yi ba da safe a busasshiyar ƙasa. Ya fito yana karkaɗe hannu.

"An juya ta," ya ce. "Ga walda nan a sandar sitiyari, kamar ƙyauren shago. Ni dama tun da na ji ƙarar injin na yi zargi."

"Ni waifar nan ce ta ba ni alama," in ji Kawu.

Malam ya ce shi tun madubin.

Na ce, "Sannunku."

Dillali bai ji kunya ba ko kaɗan, na ba shi wannan. Ya ce, "To juyawa laifi ce? Gyara ce. An kawo ta baibai, an daidaita muku ita. Kamata ya yi a ƙara kuɗi."

Sai fitar da mota. Mazan duka za su tura, ana buƙatar mara nauyi ya riƙe sitiyari, sai aka dubi juna aka dube ni. Haka na zagaya na zauna a kujerar da tun safe ake layi a kanta. Kawu yana baya yana cewa dama, Malam yana cewa hagu, ni kuma na murɗa inda na ga hanya. Sitiyarin yana juyawa kusan rabi kafin taya ta san ana magana da ita. Wannan shi ne koyon tuƙin da Yaya ya yi mini alkawari, kuma har yau shi ke nan.

Kafin mu koma ciki Yaya ya ja ni gefe. Taɓo har gwiwarsa.

"Auta, ana gyarawa. In aka samu mai walda na kirki a Kano."

"Yaya, mutum shida za ka riƙa ɗauka a cikin wannan."

"Ba zan sake samun mai araha haka ba."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Muka ƙarasa Toranke da tafiyar amalanke. Dada ta fito da sandarta, ta amsa gaisuwa, ta ce da ni, "Ke kuma 'yar birni, an tuna da mu." Sannan ta zagaya motar sau ɗaya a hankali, ta leƙa ciki, ta ƙwanƙwasa bonet da sanda. Yaya ya tsuguna ya yi mata bayani, ya faɗi kuɗin, ya faɗi babur, ya faɗi saniya. Bai faɗi gwangwani ba, kuma ba wanda ya taya shi faɗa.

Dada ta ce, "Me ya sa take da araha?"

Na dubi Kawu in ga ko zai ce ana maganar manya. Yana duban takalminsa.

Dillali ya fara da rabo. Dada ta ce ita shekara da shekaru tana ganin ana kai shanu kara, ba ta taɓa ganin an karya kuɗin lafiyayya don ana son mai saye ba. Ta juyo wurina. Na gaya mata komai, har tumatir. Ta saurara, ba ta gane rabin abin da nake nufi da sitiyari ba, amma ta gane an cire abu daga inda aka halicce shi an liƙa a wani wuri.

Na so ta yanke hukuncin da kanta. Da ta ce a'a, da shi ke nan, ba mai jin haushin Dada. Amma tsohuwar nan ta fi ni wayo. Ta ɗora hannu a kan motar ta ce Allah ya haɗa ta da mai ita, Allah ya tsare na ciki da na waje. Sannan ta nuna bayan gida da sanda.

"Ga ta can a turke. Ba tawa ba ce. Mai ita ta faɗa."

Saniyar tana tsaye tana tuƙa, cikinta ya fito, ko kallonmu ba ta yi. Dillali har ya fara zagaya ta yana duba ƙafafu. Yaya yana tsugune bai tashi ba, ya ɗago ido ya dube ni. Ban taɓa ganin wannan kallon a fuskarsa ba, kuma ba na son in sake gani.

Na ce, "Ba zan bayar ba."

"A gaban mutane, Auta?"

"A gaban mutane ka tambaya."

Ya tashi ya karkaɗe wandonsa ya fita. Su suka koma Gaya a motar, an ce Kawu bai wuce giya biyu ba har gida. Ni na ƙi shiga. Na kwana biyu a wurin Dada ina shan fura, ina jin haushin kowa, har da saniyar da ba ta san an yi ba.

Yaya ya daina yi mini magana. Ba faɗa, ba harara, kawai na zama bango. In yana son zoɓo sai ya tsallaka titi ya saya a gidan da nasu ruwa ne da kala. Umma ta ce in ba shi haƙuri. Na ce haƙurin me, na hana shi kashe mutane? Ta ce bakin nan nawa shi zai hana ni zaman lafiya a duniya. Wataƙila. Amma akwai ranakun da zan ga ya dawo a jiƙe yana matse riga a tsakar gida, in ji zoɓon ya fita daga raina. Motar kuwa dillali ya kai ta wani gari, na ji an saya. Ban san wa ya saya ba, ina dai fata yana da ƙanwa.

Majalisa ba ta yi ko kwana ɗaya tana jin kunya ba. Kafin sati labarin ya zama nasu. A bakin Kawu, shi ya gane tun daga ƙofar gida, ya yi shiru ne don ya gwada sauran. A bakin bakanike, kunnensa ne. Ni ba na cikin labarin ko kaɗan, sai dai wani lokaci a ce "yarinyar ma ta lura". Yanzu duk motar da aka kawo unguwar a duba, Kawu yakan buɗe ƙofar fasinja da kansa, ya ɗaga shimfiɗar ƙafa, ya leƙa, ya ce, "Mu a can haka muke yi."

Saniyar ta haifi ɗan maraƙi bayan girbi. Gurbin makaranta ya fito, aka jira ta yaye, aka kai ta kara a Wudil. Ban je ba. Na aika wa Dada cewa maraƙin na Yaya ne, in ya girma ya sayar ya ƙara, da sharaɗin duk motar da zai saya ni zan fara zama a gabanta. Dada ta faɗa masa. Bai ce na gode ba, bai ce ba ya so ba.

Ranar tafiyata hadari ya haɗu tun safe. Na fito da akwatina ina neman wanda zai kai ni tasha, sai na ga babur ɗinsa a ƙofar gida, yana kai, yana duban wani wuri daban. 'Yan majalisa ba su fito ba tukuna, benci babu kowa. Na hau, na ɗora akwatin a cinya. Ya tayar, muka ɗan yi gaba, yayyafi ya fara. Bai juyo ba ya ce, "Ki riƙe akwatin da kyau. Nan ma babu abin riƙewa."